Allurar Baƙin Mai da Jana'izar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne Gwaggona ba, ko da na so in manta, kuma Allah ya sani na so. Kowa yana da yadda yake tuna ranar da ya rasa nasa. Ni tawa a cakuɗe take da wata jar mota mai ƙofa biyu, da ƙaurin baƙin mai, da wata kunya wadda har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo sai in tsame hannu.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka da aka tashi yaye ni sai aka kai ni wurinta a Goronyo, daga nan kuma ba a sake maganar mayar da ni ba. Da kuɗin busasshen kifin da take saro wa a bakin madatsar ruwa ta yi mini karatu har na zama malamin gona, aka tura ni aiki Rabah, na yi aure, na zauna can. A wajenmu, in mace ta rasu, muharraminta ne ke sauka cikin kabari ya karɓe ta ya kwantar da ita. Muharraman Gwaggo kuwa mu biyu muka rage a duniya: ni, da ƙanenta Baffa Umaru, wanda ciwon gwiwa ya sa shekara da shekaru a kan kujera yake salla. Ba sai wani ya faɗa ba, kowa a dangi ya san wannan aikin nawa ne. Shi ne kaɗai abin da ya rage da zan iya yi mata da hannuna.

Ita kuwa motar, ta Murtala ce, ƙanen matata Rabi. A Fatakwal yake aiki. Ya zo da ita wata salla, ja wur, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kujera biyu kacal (wato ko buhun albasa ɗaya ba za ta ɗauka ba, abin da na fara lura da shi ke nan a matsayina na malamin gona). Da zai koma sai ya ga bai shirya sake kai ta wannan doguwar hanya ba, ya bar ta a gidana saboda ina da rumfa da katanga. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Yaya, ka riƙa tada ta lokaci-lokaci, ta ɗan yi kuka, ka kashe. Ba sai ka hita da ita ba."

Na riƙe wannan amana da hannu biyu, har da ƙari. Da sassafe nakan yaye tampol, in shiga, in tayar da ita, unguwa ta ɗauka da ruri. A gaban sitiyari akwai agogo-agogo da yawa, amma ɗaya ya fi ɗaukar hankalina: wani ƙarami mai hoton 'yar buta tana ɗigar da mai. Duk lokacin da na tayar da motar, allurarsa sai ta miƙe ta haye can sama ta tsaya. Ni kuwa sai in gyaɗa kai in ce, madalla, baƙin mai a cike yake. Ban tambayi kowa ba. Na ga gejin fetur a gefensa, in tanki ya cika allura ta hau, in ya ragu ta sauka, sai na yanke hukunci cewa wannan ma haka yake. Har bayani nake yi wa maƙwabta in sun leƙo (Allah ya yafe mini, akwai wanda na yi wa bayanin ya tafi yana cewa lallai ilimi ya yi). Abin da ban lura da shi ba shi ne, ban taɓa barin motar ta yi zafi ba. Kullum da sanyinta nake kashe ta.

Ya kamata kuma in faɗi wani abu don a yi mini adalci kaɗan. Ina tsoron baƙin mai tsoro na gaske. Wata shekara da rani injin ban-ruwana ya buga saboda mai ya ƙare a cikinsa ban duba ba, kafin in samu wani albasata ta ƙone a tsaye. Tun daga lokacin ko tari inji ya yi sai in kashe shi in duba mai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin nan da tun da hantsi mutum ke neman inuwa. Ina shirin fita ofis wayata ta yi ƙara. Wayar ta taɓa faɗa mini cikin kwalbatin ruwa, tun daga nan ba a jin magana a cikinta sai an saki muryar kowa ya ji, don haka ni da Rabi tare muka ji Baffa.

"Sai haƙuri, ɗana. Gwaggonka ta cika yanzun nan. Mata na yi mata wanka. Ka taso, in anka yi azahar sai a kai ta. Kai muka jira."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi salati, na yi kuka kamar yaron goye. Da na miƙe na nufi mashin ɗina, sai idona ya faɗa kan tampol. Na ce a raina, wannan ai tsuntsuwa ce, kafin mashin ya yi rabin hanya ta kai ni. (Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Ko akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya so mutanen Goronyo su ga yaron da Gwaggo ta goya ya sauko daga irin wannan mota, ba zan rantse ba.)

Rabi tana share hawaye ta ce, "Malam, ka hau mashin ɗinka mana. Motag ga ba ka san halinta ba."

Na ce, "Mi ab ban sani ba? Ni ka tada ta kullum. Shigo mu tahi."

Ta ce ita ba za ta je gidan rasuwa cikin jar mota ba, za ta bi motar haya tare da matan unguwa. Na ce ta ga dama. Na fita na bar ta tana neman mayafi.

Farkon tafiyar ba laifi. Motar tana cin hanya, allurar nan tana can wajen sama, ta ɗan sauko kaɗan amma ban damu ba. Tunanina duk yana kan Gwaggo. Ina tuna yadda take tsame mini tsokar kifi ta ce ita ƙaya ta fi so, ni kuma don wauta na yarda har na girma. Ina tuƙi ina goge ido da hannun riga.

A shingen jami'an tsaro na farko, bayan na shiga ƙasar Wurno, aka tsayar da mu a layi. Na taka birki, motar ta koma silo tana gurnani a hankali. Na kai ido kan agogon nan. Allura ta zube. Ta baro sama, ta wuce tsakiya, ta zo ta kwanta can kusa da ƙasa tana ɗan rawa. Na ce shi ke nan, mai ya tsiyaye a hanya, na kashe wa yaron mutane mota.

Da aka ɗaga mana hannu na taka totur, sai allura ta sake hayewa. Na saki, ta sauko. Na taka, ta hau. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, to, man da ya ƙare yaya yake dawowa in an taka totur? Ni kuwa ina da amsa a shirye, daga fadama na ɗauko ta. In ruwan rijiyar ban-ruwa ya ja baya, haka inji ke yi: ya zuƙo ya watso da ƙarfi, ya yanke, ya sake zuƙowa. Na ce ragowar man da ke gindin inji ne ake ta wawurowa. Na ji har wani ɗan daɗi a raina cewa na gano cutar da wuri, kamar wani babban likita.

Na gangara gefen titi a wata 'yar mahaɗa inda ake sayar da tafarnuwa da fetur a kwalabe, na kashe mota. Kafin in fito mutane sun kewaye ta. Na zagaya gaba da sauri, na ɓalle murfi na ɗaga, niyyata in duba mai. Babu inji. Wani rami ne kawai mai shimfiɗa, da tsumma ɗaya a ciki. Na tsaya riƙe da murfi ina kallon ramin, mutane suna kallona.

Wani dattijo mai tafarnuwa ya leƙo ya ce, "Subhanallahi. Alhaji, ko ya hwaɗi bisa hanya?"

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Sai da muka bi inda zafi ke fitowa sannan muka gane a baya injin yake (wata nawa motar tana gidana, ruri take yi daga baya, ban taɓa tambayar kaina dalili ba). Na buɗe bayan. Ba abin da ake gani sai baƙar roba ta rufe komai, da wani murfi mai hoton butar nan. Na nemi ɗan ƙarfen da ake zarowa a ga iyakar mai, sama da ƙasa, babu shi. Daga baya na ji irin waɗannan motoci da yawa ba su da shi, a gaban direba ake latsa wani abu ya nuna. A lokacin dai cewa na yi, ba komai, ai allura ta riga ta gaya mini.

A nan ne ya kamata in kira Murtala. Lambarsa tana cikin wayata, wayar tana cikin aljihuna. Na ma ciro ta na duba. Amma sai na tuna cewa ya ce kada in fita da motar, kuma wayata ba ta da sirri, duk masu tafarnuwar nan za su ji ƙanen matata yana koya mini karatu. Na mayar da ita aljihu.

Na sayi baƙin mai a wurin mai fetur, irin mai kaurin nan da muke zuba wa injin ban-ruwa. Na ce a bari injin ya huce tukuna, don haka nake yi a gona. Muka tsaya a rana muna jiran mota ta huce, gawar Gwaggo tana can tana jirana. Da na ga ya isa na ɗura man na tayar. Allura ta haye sama. Na dubi jama'a, jama'a suka dube ni da girmamawa. Dattijon nan har ya ce, "Kai, Alhaji ya san aikinai." Ban san cewa hucewar da man ya yi ce ta ɗaga allurar ba, ni dai na ɗauka na yi magani. Na sayi galan guda na ajiye a kujerar da Rabi ta ƙi zama, saboda ko-ta-kwana.

Ban yi nisa ba na shiga wani yanki da titi ya farfashe. Irin wannan mota kuwa ba ta shiga rami da gudu, sai ka lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina rage gudu allura ta sake kwantawa. Na ce inna lillahi, yoyo take yi. Na tsaya, na durƙusa, na leƙa ƙarƙashinta har goshina ya taɓa kwalta. Ko ɗigo babu. Wannan ma bai ishe ni ishara ba. Na jira ta huce, na ƙara mai. Ina cikin ƙarawa Baffa ya kira.

"Kana ina? An gama sutura, an hito da ita zaure."

"Ga ni nan tahe, Baffa. Mota ta ɗan ba ni matsala, amma na gyara."

"Wace mota kuma? To, Allah shi kawo ka lahiya. Ka hanzarta, rana na yi."

Motocin haya suna ta wuce ni, cike da mutane da awaki. Masu mashin suna wucewa da buhunan albasa, wasu har su ɗaga mini hannu. Ko wanne daga cikinsu na tsayar da ya kai ni. Na yi tunanin haka, ba wai ban yi ba. Amma in bar motar mutane a dajin nan, a wannan zamani da ko akuya ba a bari a bakin hanya? In ce wa Murtala me? Haka na yi ta auna amanar mai rai da haƙƙin mamaciya, kuma kowane karo sai in ce saura kaɗan, bari in ƙara mai in lallaɓa.

A tsayawa ta uku na juye duk abin da ya rage a galan. A nan motar ta gaji da ni. Ina tayarwa salansa ta tuɗo wani hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi, mai kauri, har ban iya ganin bayana a madubi. Ka san abin da na ce? Na ce, "A'aha! Ashe ƙona man take yi, shi ya sa yake ƙarewa." Wato duk abin da motar nan ta yi don ta nuna mini kuskurena, sai in karɓe shi in mayar da shi hujjata. Na ci gaba da tafiya cikin hayaƙi, injin yana tari yana shaƙewa, ƙarfinta yana raguwa, har jaki mai kaya ya fara yi mini kallon tsara.

Na ji kiran sallar azahar daga wani ƙauye ina kan hanya. Ba a daɗe ba waya ta sake ƙara. Muryar Baffa ta canza, ta yi ƙasa.

"Ɗana, an yi salla. Mun ɗan jinkirta saboda kai. Liman ya ce zahin ga ya yi yawa, ba a aje ta haka. Mi za mu yi?"

Na ce, "Baffa, don Allah ku ƙara mani kaɗan. Ina hangen gari."

Ƙarya nake yi, ba na hangen komai sai hayaƙi. Ya ce, "To," ya kashe. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

Sai da na kusa shiga Goronyo da gaske, ina ganin rufin gidajen farko, motar ta yi wata shaƙuwa ta mutu. Na murɗa makulli, ta yi ƙugi ta yi shiru. Na sake, haka. Na fito, rigata duk baƙin mai, na sa kafaɗa ina turawa da hannu ɗaya a sitiyari, gumi da hawaye sun haɗu ba na bambance su.

Ina cikin haka na ɗaga kai na ga jama'a suna tahowa ta hanyar maƙabarta. Tahowa suke, ba tafiya ba. Wasu ɗauke da makara ba kowa a kanta, wasu da fartanya da tulun da aka kwaɓa ƙasa da ruwansa. A tsakiyarsu ga Baffa, mutum biyu sun riƙe shi ta hammata, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Farar rigarsa daga gwiwa zuwa ƙasa jar laka ce. Ba sai na tambayi wanda ya sauka kabarin ba.

Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, "Sai haƙuri, Allah shi jiƙanta," ina amsawa kaina a ƙasa. Sannan, saboda mutanenmu ba sa iya wuce mutum cikin wahala, sai suka ajiye fartanyu suka kama motar. Da hannuwan da suka gama rufe Gwaggo da su suka tura ni, ni kuma dole na shiga ciki na riƙe sitiyari. Haka na shiga unguwar da na girma, a zaune cikin jar mota, masu jana'iza suna tura ni, mata suna leƙowa ta kan katanga. Sawun tafin hannunsu na laka ya yi ta zama a jikin fentin. A ƙofar gida na ga takalman Rabi a cikin na mata. Motar hayarta ta iso tun kafin azahar.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce in haɗiye. Amma ɗan Adam bai iya zama da kunya ba tare da ya nemi wanda zai jingina wa ba. Da muka zauna zaman makoki a kan tabarmi a ƙofar gida, duk wanda ya zo gaisuwa ya ga motar sai ya tambaya, ni kuwa sai in karanta masa. Na ce motocin nan na 'yan gayu kyan ɗan maciji ne da su. Na ce shan baƙin mai take kamar rijiya, galan guda da 'yan kai na zuba mata tsakanin Rabah da nan. Na ce ba don ina da ido a kan inji ba da tuni ta buga. Mutane suna ta jinjina kai suna cewa Allah ya tsare. Na faɗa har na fara yarda da kaina, zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Bayan la'asar, tabarmi ta cika, Liman yana nan, Baffa yana jingine da bango an miƙe masa ƙafafu ana shafa masa man zafi, sai wayata ta yi ƙara. Murtala ne. Na so in tashi, amma ina tsakiyar mutane, kuma gaisuwar mutuwa ce, ba a ɓoye ta. Na ɗauka, muryarsa ta fito tar kowa yana ji. Ya yi mini ta'aziyya mai kyau, ya yi wa Gwaggo addu'a, aka shafa. Sannan ya ce Rabi ta gaya masa na fito da mota ta ba ni wahala, kada in damu da wannan ko kaɗan, mene ne ya faru?

Na gyara murya na maimaita karatuna, har da ɗan ƙorafi a ciki. Na ce allurar baƙin mai ce take ta faɗuwa.

Ya ce, "Tana hwaɗuwa yaushe? Kana gudu ko kana tsaye?"

Na ce in na tsaya, ko na rage gudu.

"In kat taka totur fa?"

Na ce sai ta hau.

"Jar hitila ta kama? Ko ta yi maka ƙara?"

Na ce a'a.

Sai ya yi 'yar ajiyar zuciya irin ta wanda hankalinsa ya kwanta, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaya, ai lahiyatta lau. Wagga allura ba yawan mai taka gwadi ba, ƙarhin da mai ka zagaya inji da shi taka gwadi. Da sahe mai na da kauri, sai ta hau sama. In inji ya yi zahi mai ya tsinke, kana tsaye, dole ta sauko, balle da zahin ga na bazara. Ka taka ta hau, ka saki ta sauka, aikinta ke nan. Ran da za ka ji tsoro, ran da kat taka tak ƙi hawa, ko jar hitila tak kama. Ba ka dai ƙara mata mai ba ko?"

Wani daga bayan tabarmi, don son taimako, ya amsa mini: "Galan guda da 'yan kai."

Murtala ya ce, "Kai! Shi as sa tay yi hayaƙi. Ai cike take, kahin in taho nis sa anka canza shi. Da ka ƙyale ta, Yaya, ko Sabon Birni ta kai ka ta maido ba abin da za ya same ta." Bai san duniya tana saurare ba, kuma ba da mugunta yake faɗa ba, lallashina yake yi. Sannan ya ƙara da tambayar da ta gama da ni: "Amma dai ka samu jana'iza ko?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Waɗanda na yi wa bayani ɗazu kowa ya sami wani abu a ƙasa yana kallo. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi, amma gidan rasuwa ne, ba mai iya yi, sai suka bar ni da abina ɗungurungum. Na ce wa Murtala zan kira shi, na kashe wayar.

Baffa ne ya yi magana. Ya yafito ni da hannu, na matsa kusa da shi, ina jiran faɗan da na cancanta. Sai ya dafa gwiwata ya ce a hankali, "Bar damuwa, ɗana. Ba ta da nauyi ko kaɗan, awa ɗiya ƙarama. Kwantar da ita bai ba ni wuya ba. Hitowata ta ba mutane wuya, sai da anka jawo ni awa guga."

So yake in yi murmushi. Ni kuwa sai na kifa kaina a kan ƙafarsa mai warin man zafi na fashe da kuka a gaban kowa, kukan da ban san rabonsa tsakanin mutuwa da kunya ba. Baffa bai ƙara taka ƙafarsa zuwa masallaci ba sai bayan da damina ta sauka.

Motar kuwa, an zo daga Sakkwato an tsiyaye man da na ɗura, an wanke abin da za a wanke, ta tashi tana ruri kamar ba a yi komai ba. Murtala bai taɓa tayar da maganar ba, Rabi ma haka, kuma shirun nasu bai rage mini komai ba. A Goronyo dai na samu sabon suna. In na je, tun daga tasha ake cewa, "Injiniya, an iso lahiya?" Ina amsawa, don ban ga bakin musu ba.

Yanzu na san aikin allurar baƙin mai fiye da yadda nake bukata. In da sanyi ta hau, in da zafi ta sauka, in an taka ta bi ƙafa. Ba ni da mota, ba na kuma sa ran yi, amma ilimin yana nan daram, ko cikin barci aka tashe ni zan karanta shi. Na kuma koyi cewa kunyar tambaya ba ta wuce ɗan lokacin da za a ba ka amsa, ni ne na ga ta yi mini tsada na zaɓi wadda ba ta ƙarewa. Darasi ne mai kyau, ba na musu. Sai dai da an bar ni in zaɓa, da na koye shi wata rana daban, don Gwaggo ɗaya gare ni, kuma sau ɗaya ake sa mutum a kabari.